Rege na Tushe: Tambayoyin da Masu Sauraro Suka Fi Yi, da Amsoshinsu

Tambayoyin nan su ne suke yawan fitowa daga bakin waɗanda tsofaffin waƙoƙin Jamaika suka kama, suna jin daɗin kiɗan amma suna son sanin me ake faɗa, kuma me ya sa ake faɗarsa da zafi haka. An fara da masu sauƙi, amma kowa na iya shiga ta inda ya ga dama.

Mene ne rege na tushe, kuma me ya raba shi da sauran rege?

Rege kiɗa ne da ya tsiro a tsibirin Jamaika, musamman a unguwannin talakawa na Kingston, babban birnin ƙasar, wajen 1968. Kafinsa an yi ska, mai gudu da yawan busa, wanda ya yi tashe lokacin da ƙasar ta karɓi mulkin kai daga Birtaniya a 1962. A 1966 sai rocksteady ya zo ya rage gudun, ya ba murya da jitar bes fili. Daga cikinsa rege ya fito.

Na tushe, wanda su can suke kira roots reggae, reshe ne da ya yi ƙarfi daga farkon shekarun 1970 zuwa farkon na 1980. An fi gane shi da abin da yake magana a kai: talauci, zaluncin 'yan sanda da masu mulki, tarihin bauta, begen Afirka, da aƙidar Rastafari. Mawaƙi ɗaya kan yi waƙar soyayya yau, gobe ya yi ta gwagwarmaya, kamar yadda Dennis Brown da Gregory Isaacs suka riƙa yi. Saboda haka waƙar ake dubawa kafin a duba sunan mai ita.

Me ya sa kiɗan yake tafiya kamar yana jan ƙafa?

Ƙirga shi: ɗaya, biyu, uku, huɗu. A yawancin kaɗe-kaɗen Turai da Amurka, ganga kan sauka da ƙarfi a kan ɗaya. A nan mai ganga yakan bar ɗaya fanko, ya jira sai a kan uku ya sauke gangar ƙafa da ƙaramar ganga lokaci guda. Sunan salon one drop, kuma Carlton Barrett na Wailers, ƙungiyar Bob Marley, ne aka fi sani da shi. Jita da fiyano kuwa sara suke yi gajere-gajere a tsakanin bugun. Wannan gurbi da aka bari shi ke sa jiki ya riƙa rausaya maimakon tsalle.

Ainihin mai jan ragama ita ce jitar bes. A hannun Aston Barrett, wan Carlton, ko Robbie Shakespeare, bes ba rakiya take yi ba, tana da tata waƙar da za ka iya rerawa da baki. Daga tsakiyar shekarun 1970 Sly Dunbar ya ƙara wa ganga kaifi a sitidiyon Channel One, kiɗan ya koma kamar maci, daidai da yadda gari ya yi zafi. Shawara ɗaya tilo a nan: kada ka yanke wa wannan kiɗa hukunci daga lasifikar waya. An yi shi ne don manyan akwatunan sauti da ake jibgewa a fili da dare, kuma waya tana cinye rabin abin da aka kaɗa. Nemi abin sawa a kunne mai kyau ko lasifika mai fitar da bes.

Bob Marley ne ya ƙirƙiro shi?

A'a. Shi ne ya kai shi duniya. Marley, wanda aka haifa a 1945, ya fara ne da Peter Tosh da Bunny Wailer tun zamanin ska, a sitidiyon Studio One na Coxsone Dodd. Ƙofar waje ta buɗe musu lokacin da Chris Blackwell na kamfanin Island ya fitar da kundinsu Catch a Fire a 1973, aka ƙara masa jita irin ta Turawa don kunnen 'yan Ingila da Amurka. Ba da daɗewa ba Tosh da Bunny suka kama gabansu.

A cikin Jamaika kanta, a shekarun nan, akwai ɗimbin mawaƙa da ake ji a filin rawa ba ƙasa da shi ba. Wanda ya tsaya a Marley kaɗai ya ga ƙofar gida ne bai shiga ciki ba. Duba amsar tambayar inda ya kamata a fara sauraro.

Me ke faruwa a Jamaika a lokacin, har waƙoƙin suka cika da kuka da gargaɗi?

Jamaika ƙasa ce da aka gina a kan rake da gumin bayi. Turawan Ingila sun kwaso mutane daga gaɓar Afirka, da yawansu daga inda yake Ghana da kudancin Najeriya a yau, kuma bauta ba ta ƙare gaba ɗaya ba sai 1838. Da mulkin kai ya zo, tuta ta canza, amma filaye da manyan kasuwanci suka ci gaba da zama a hannun 'yan tsiraru, akasarinsu masu hasken fata. Mutanen karkara suka yi ta kwarara Kingston neman abin yi, suka cika unguwanni irin su Trench Town, inda iyalai da dama ke haɗa tsakar gida ɗaya, famfo ɗaya, madafa ɗaya.

Sai siyasa ta zo ta ƙara wa wutar fetur. Michael Manley na jam'iyyar PNP ya hau mulki a 1972, ya ɗauki hanyar gurguzu ya kusanci Cuba. Edward Seaga na JLP ya jingina da Amurka. Kowace jam'iyya ta mallaki unguwanninta, tana raba gidaje da ayyuka ga nata, bindigogi kuma suka faɗa hannun 'yan banga. Tsallaka titi ɗaya zuwa unguwar abokan hamayya na iya zama ajalin mutum. Tashin farashin mai na 1973 ya karya tattalin arziki, a 1976 aka kafa dokar ta-ɓaci, a 1977 gwamnati ta je wajen Asusun Lamuni na Duniya, IMF, ta dawo da sharuɗɗan tsuke bakin aljihu. Ranar 3 ga Disamban 1976 'yan bindiga suka kutsa gidan Marley da ke titin Hope Road, suka harbe shi da matarsa Rita da manajansa, duk Allah ya yi da sauran kwana. Bayan kwana biyu ya hau dandali da rauninsa, sannan ya fice daga ƙasar. A Landan ya yi kundin Exodus na 1977.

Idan ka ji "Police and Thieves" ta Junior Murvin ko "War Ina Babylon" ta Max Romeo, duka na 1976, to labarin bakin titi ne na wannan shekara. Wanda ya san yadda Ɗan Maraya Jos ya ɗauki kuntiginsa ya yi wa karen mota waƙa zai gane inda mawaƙan nan suka sa ido: a kan mutumin da ba a buga sunansa a jarida.

Su wane ne Rasta, kuma me ya haɗa su da Habasha?

Maganar ta faro daga Marcus Garvey, ɗan Jamaika da aka haifa a 1887, wanda ya kafa ƙungiyar UNIA a 1914 yana kiran baƙar fata su dogara da kansu su dubi Afirka. Da aka naɗa Ras Tafari Makonnen sarkin sarakunan Habasha ranar 2 ga Nuwamban 1930 da sunan Haile Selassie, wasu masu wa'azi a Jamaika, irin su Leonard Howell, suka ce ga alkawarin Littafi Mai Tsarki ya cika: baƙin sarki a ƙasar da ta kori sojan Italiya a yaƙin Adwa a 1896. Daga sunansa na farko aka sami Rastafari.

Hukuma ba ta yi musu da sauƙi ba. An ɗaure Howell, an rushe matsuguninsa na Pinnacle a 1954, mabiyansa suka watsu cikin unguwannin Kingston. A 1963, bayan rikicin Coral Gardens kusa da Montego Bay, aka yi ta kama Rasta ana dukansu ana aske musu gashi da ƙarfi. Abin ya fara sauyawa ne bayan Selassie ya ziyarci Jamaika ranar 21 ga Afrilun 1966, inda dubban mutane suka mamaye filin jirgi. Matasan mawaƙa da yawa suka shiga aƙidar daga nan, gangunan ibadarsu na nyabinghi, waɗanda Count Ossie ya yi suna da su, suka shiga sitidiyo.

Rasta da yawa sun ɗauki Selassie abin bauta, amma shi dai Kirista ne ɗan cocin Orthodox na Habasha, bai yi da'awar allahntaka ba. Kuma mutanen ƙasarsa ba duka suke ganinsa da idon 'yan Jamaika ba: yunwar lardin Wollo ta 1973 na cikin abubuwan da suka jawo soja suka tumɓuke shi a 1974. Waƙoƙin tushe ba kasafai suke taɓa wannan ɓangare ba.

Me ake nufi da Babylon da Zion da Jah? Zion ɗin nan na Isra'ila ne?

Ba ƙasar Isra'ila ta yau ake nufi ba, kuma wannan ya rikita masu sauraro da yawa. Rasta sun ɗauki labarin Bani Isra'ila da aka kai bauta Babila, suka ce nasu ne: su ne aka kwashe daga gida. Babila a bakinsu ita ce duk tsarin danniya, tun daga ɗan sandan da ke tsaye a kwana har mulkin mallaka da bankunan da ke bin ƙasa bashi. Zion kuwa Habasha ce, ko Afirka gaba ɗaya, gidan da ake begen komawa. Wasu sun koma ɗin da gaske, suka zauna a Shashamane, a filin da Selassie ya ware wa baƙar fatar ƙetare. Jah sunan Ubangiji ne da suka ɗauko daga Zabura, da yawansu kuma da shi suke kiran Selassie.

Ni Musulmi ne. Sauraron waƙoƙin nan yana nufin na yarda da aƙidarsu?

Hukuncin kiɗa shi kansa magana ce ta malamai, can ya kamata a kai ta. Amma gara a san abin da ke cikin waƙoƙin ba tare da rufa-rufa ba: akwai waɗanda kai tsaye suke ɗaukaka Selassie zuwa matsayin abin bauta, kuma wannan ya saɓa wa tauhidi, ya kuma saɓa wa abin da akasarin Kiristoci suka yi imani da shi. Wanda ke bin amshi da baki ya kamata ya san me yake maimaitawa.

Akwai kuma waƙoƙi masu yawa da batunsu yunwa ne, da haƙƙin ɗan Adam, da wariyar launin fata. Kundin Equal Rights na Peter Tosh, na 1977, mafi yawansa haka yake. Waƙar "War" ta Marley kusan dukkanta an ɗauko ta ne daga jawabin da Selassie ya yi a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1963 kan daidaiton jinsunan mutane. Mawaƙan Afirka da dama sun ɗauki kiɗan da kukan zalunci suka zuba nasu batun a ciki. Tiken Jah Fakoly, ɗan gidan Musulmi daga Odienné a arewacin Kodebuwa, ya shafe shekaru yana caccakar shugabannin Afirka da Faransa da wannan kiɗa.

To tabar wiwi fa? Ba ita ce duk maganar ba?

Ba ita ce duk maganar ba, amma ƙarya ne a ce ba ta ciki. Rasta da yawa suna ɗaukar ta abin ibada, Tosh ma ya sa wa kundinsa na 1976 suna Legalize It, yana neman a halatta ta. Wani ɓangare na fushinsa shi ne yadda dokar ta zama sandar da 'yan sanda ke dukan talaka da ita. Jamaika ta sassauta dokar a 2015 ga wanda aka kama da ɗan kaɗan. A Najeriya da Nijar haramun ce a doka, illarta ga matasa kuma ba sai an ba kowa labari ba. Lucky Dube na Afirka ta Kudu, wanda ya fi kowa shahara da rege a Afirka, an san shi ba ya shan taba ko giya.

Ina jin Turanci, amma ba na gane abin da suke faɗa. Laifin kunnena ne?

Ba laifinsa ba ne. Yawancinsu da Patwa suke waƙa, harshen talakawan Jamaika, wanda kalmominsa akasari na Ingilishi ne amma gininsa da lafazinsa na ɗauke da tasirin harsunan Afirka ta Yamma. Wanda ya iya Burokan ɗin Najeriya zai riga wanda ya yi Turancin makaranta kaɗai kama shi. A kan wannan kuma Rasta suka ɗora nasu salon magana, ga ayoyin Tsohon Alkawari da karin maganar karkara. Hanya mafi sauƙi ita ce ka nemi rubutattun baitocin ka bi da ido sau ɗaya ko biyu, daga nan kunne zai ɗauka da kansa.

Daga ina ya kamata in fara?

Kundin Legend, wanda aka tattara a 1984 bayan rasuwar Marley, shi kowa ya sani, amma an zaɓi waƙoƙinsa ne don su yi wa kowa daɗi. Mai neman Marley ɗan gwagwarmaya ya nemi Survival na 1979, wanda bangonsa ke ɗauke da tutocin ƙasashen Afirka da zanen yadda ake jera bayi a cikin jirgin ruwa.

Bayansa, a ganina, babu kamar Marcus Garvey na Burning Spear, na 1975. Winston Rodney, wanda shi ne Burning Spear ɗin, ba ya yawan kalmomi. Yakan kama jimla ɗaya ya yi ta juya ta, 'yan amshi na karɓa, har sai ta zauna maka a ƙirji. Sai Two Sevens Clash na ƙungiyar Culture, wanda Joseph Hill ya gina a kan wani hasashe da ake dangantawa da Garvey cewa za a ga tashin hankali idan bakwai-bakwai suka haɗu. Waƙar da ke ɗauke da sunan kundin ta yi tasirin da ranar 7 ga Yulin 1977 mutane da yawa a Kingston suka ƙi fita daga gida. Mai son haɗin murya uku ya nemi Satta Massagana na Abyssinians da Right Time na Mighty Diamonds. Heart of the Congos, wanda Lee Perry ya haɗa a 1977 a ɗan ƙaramin sitidiyonsa na Black Ark da ke bayan gidansa, a bar shi sai kunne ya saba, don sautinsa na da duhu da kauri, sai an maimaita ake jin abin da ke ƙasa.

Na ga wasu waƙoƙin ba murya, sai kiɗa da amsa-kuwwa. Mene ne wannan?

Dub ke nan. A lokacin, waƙa kan fito a ƙaramin faifan garmaho, a bayansa kuma a sa kiɗan zalla don masu akwatunan sauti. King Tubby, mai gyaran rediyo da kayan lantarki a unguwar Waterhouse, shi ya mayar da wannan bayan faifai fasaha: ya cire murya, ya bar ganga da bes tsirara, ya jefo guntun kalma ya bar ta tana amsa-kuwwa har ta ɓace. King Tubbys Meets Rockers Uptown, aikinsa da Augustus Pablo na 1976, nan ne mafari mai kyau. A kan irin wannan kiɗa ne su U-Roy suka riƙa surutu cikin kari da makirufo, kuma ɗan Jamaika ne, Kool Herc, ya kai al'adar manyan akwatunan sauti unguwar Bronx ta New York, inda hip hop ya tsiro.

Ina matan suke?

Suna nan, amma fagen na maza ne, kuma aƙidar Rasta ta lokacin ba ta ba mace gaba ba. Rita Marley da Marcia Griffiths da Judy Mowatt su ne I-Threes, 'yan amshin Marley daga 1974. Griffiths tauraruwa ce tun kafin nan a Studio One, Mowatt kuma ta fitar da nata kundin, Black Woman, wanda ya kai duk wani na maza. A ɓangaren kasuwanci akwai Sonia Pottinger, mai kamfanin faifai, wadda ta fitar da wasu daga cikin mafi kyawun ayyukan Culture.

Duk wannan waƙe-waƙe, ya canza wani abu kuwa?

A siyasar Jamaika, kaɗan. Misalin da kowa ke kawowa shi ne bikin zaman lafiya na One Love, ranar 22 ga Afrilun 1978 a babban filin wasa na Kingston, inda Marley ya kira Manley da Seaga kan dandali ya haɗa hannuwansu. Hoton ya zaga duniya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, a daren nan Peter Tosh ya tsaya gaban shugabannin biyu ya wanke su tas kan talauci da zaluncin 'yan sanda, bayan 'yan watanni kuma 'yan sanda suka yi masa dukan kawo wuƙa. Jagororin 'yan banga biyu da suka shirya sulhun, Claudie Massop da Bucky Marshall, duk an kashe su cikin shekara biyu. Zaɓen 1980 ya ci rayuka wajen 800. Tosh kansa 'yan bindiga suka kashe shi a gidansa a 1987, King Tubby ma haka a 1989.

Inda ya yi aiki shi ne a yadda mutane ke ganin kansu. Yaron da aka koya wa jin kunyar baƙar fatarsa da harshen gidansu ya ji ana rera su a rediyon duniya. Sunan Garvey ya shiga bakin waɗanda ba su taɓa karanta shi ba. A Ingila, 'ya'yan baƙin haure daga Karibiyan sun sami murya ta bakin Steel Pulse na Birmingham da Aswad na Landan. Rasta da ake aske wa kai a 1963, gwamnatin Jamaika ta nemi gafararsu a hukumance a 2017. Ko wannan ya isa a kira shi canji, ya danganta da abin da mutum ke tsammani daga waƙa tun farko.

Yaya aka yi ya kama Afirka haka?

Tun da Afirka ake kira a cikinsa, ba abin mamaki ba ne ta amsa. Marley ya yi wasa a filin Rufaro a bikin 'yancin Zimbabwe cikin Afrilun 1980. A Afirka ta Kudu, Lucky Dube ya bar kiɗan gida na mbaqanga ya koma rege a tsakiyar shekarun 1980, gwamnatin wariyar launin fata ta haramta kundinsa na farko a wannan salo, amma Slave na 1987 da Prisoner na 1989 suka karaɗe nahiyar a kaset. Alpha Blondy na Kodebuwa ya je har Kingston ya yi Jerusalem tare da Wailers a 1986.

A Najeriya tashen ya zo daidai da mulkin soja da shirin SAP na gwamnatin Babangida, wanda aka fara a 1986. Matsin da ya sa 'yan Kingston kuka shekara goma kafin nan, kamar yadda aka bayyana a amsar halin da Jamaika ta shiga, shi ne ya iso ƙofar gida. Majek Fashek, Ras Kimono, ƙungiyar Mandators, Orits Wiliki da Evi-Edna Ogholi duk a wannan tsakani suka yi tashe.

Me ya sa zamaninsa ya wuce? Ko har yanzu ana yi?

Abubuwa sun taru. Marley ya rasu da ciwon daji ranar 11 ga Mayun 1981 yana da shekara 36, manyan kamfanonin waje suka ja baya. Siyasar ƙasar ta juya bayan Seaga ya ci zaɓen 1980, filin rawa kuma ya koma son waƙoƙin nishaɗi da bugun ƙirji na dancehall. A 1985 furodusa King Jammy ya fitar da "Under Mi Sleng Teng" ta Wayne Smith, wadda aka ɗauko kiɗanta daga ƙaramin fiyanon lantarki na Casio. Daga ranar, mai sitidiyo ba ya buƙatar biyan makaɗa biyar ko shida.

Ana yi har yanzu. A shekarun 1990 Garnett Silk da Luciano suka dawo da saƙon, Buju Banton ma ya juyo da kundin 'Til Shiloh a 1995. Bayan 2010 aka sami sabon zubi irin su Chronixx da Protoje, waɗanda suka koma kiɗa da cikakkiyar ƙungiyar makaɗa. A 2018 hukumar UNESCO ta sa rege cikin jerin al'adun duniya da ya wajaba a adana. Tsofaffin faifan kuwa, kamfanoni irin su Trojan da VP da Pressure Sounds suna ta sake fitar da su da gyararren sauti, kuma yawancin kundayen da aka ambata a sama ana samun su a YouTube da Spotify.